Baba Wallahi-Babu

A cikin hoton, Malam Ummaru na Mungadi yana tsaye a gaban rudunsa, wato rumfar karan da manoma ke jibge albasa a kanta su lulluɓe da ciyawa har ta yi daraja. Ya buɗe tafukan hannunsa biyu, bakinsa a sake, giɓin da ya saba rufewa da leɓe ya fito fili, hularsa ta karkace. A bayansa albasar shekara guda ce ta narke, baƙin ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin karan. Ruwan sama ne ya yi sammako a shekarar, zafi ya biyo bayansa, ya dafa ta a inda take.

'Yarsa Raihanatu ce ta ɗauki hoton. An aiko cewa masu taimakon manoma suna son shaidar ɓarna, ita ce kuma mai waya mai kyau a gidan. Bai so ba. Malam Ummaru mutum ne da ko ruwa ba ya sha a tsaye cikin kasuwa, ba a taɓa jin muryarsa ta haura katanga ba, kuma idan ya ce buhu bai cika ba, dillali ba ya musu, ƙarawa yake yi. Ta lallashe shi har ya yarda. A daidai lokacin da ya yaye ciyawar ya ga abin da ke ƙarƙashi, yatsarta ta danna. Taimakon bai zo ba, hoton kuwa ya yi zamansa a wayarta.

Raihanatu tana aiki a Jega, a wani ɗaki da ke saman shagon injinan ban ruwa a unguwar Jega Magaji, inda Imrana ya buɗe kamfanin gina shafuka da manhajojin intanet. Sunan kamfani dai ya ci: tebur uku ne, da fanka ɗaya, da janareta mai tari. Imrana Allah ya yi masa baki, shi ke zagaya makarantu da shaguna yana samo aiki. Ya'ƙub, abokin aikinta, hannunsa da sauri, bakinsa kuma ya fi hannun sauri. Ita ce mai haƙurin zama da abu har ya yi daidai.

Abin da ya ishe ta shi ne maimaici. Duk aikin da Imrana ya kawo, na makaranta ne ko na kyamis ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, sai an faro shi daga tushe: shafin shiga da kalmar sirri, shafin mai kula, wurin sa hotuna, wurin aika saƙo. Abu ɗaya ake sake rubutawa, kuskure ɗaya ake sake yi, launi da suna ne kawai suke bambanta. Rannan ta ce wa Imrana ya ba ta lokaci ta gina tamfilet, aiki guda wanda duk waɗannan sun riga sun zauna a cikinsa, kowane sabon aiki sai a kwafe shi a canza abin da ya kamata. Ya yi mata kallon wanda bai gane ba.

"Kamar iri na ga fangali," ta ce. "Sau guda aka yayyahwawa a yi reno. In ya tashi, kowa shi cire shi kai gonatai shi dasa."

Ya tambaye ta ko hakan zai sa a riƙa gama aiki da wuri. Da ta ce aikin wata zai koma na 'yan kwanaki, bai ƙara tambayar komai ba.

Da tsohon ciki ta gina shi, ƙafafunta a kumbure a kan kwalin takarda. Ta so aikin nan, babu ɓoyo, ta so shi fiye da duk abin da ta taɓa yi da hannunta. Ta tattara suna da launi da tambari a wuri guda, yadda mutum zai canza layi kaɗan duk shafukan su sauya kaya. Ta sa shi yana magana da Hausa da Turanci. Ta rage masa nauyi har ya zama yana buɗewa a tsohuwar waya ko sabis ya yi rauni, don ta san irin wayoyin da ke aljihun mutanenta. Idan ta gyara abu ya zauna, takan shafa cikinta ta yi murmushi ita kaɗai, Ya'ƙub ya ce wa ya sani ko tagwaye za ta haifa, ɗaya mutum ɗaya kwamfuta.

Abu na ƙarshe shi ne shafin kuskure, wanda ke fitowa idan mutum ya nemi abin da babu shi ko ya danna inda ba a gama ba. Tana so ta gwada ko hoto mai faɗi zai tsuke daidai a ƙaramar waya. Sabis ya ɗauke tun hantsi, ba halin sauko da wani. Ta duba wayarta, duk hotunan a tsaye aka ɗauke su, na biki da na atamfa da na girki. Guda ɗaya ne mai faɗi. Ba ta ma tsaya kallon fuskar ba, faɗin take nema. Ta sa shi, ya zauna cas, ta ji daɗi. A saman bayanin da ta rubuta wa masu amfani da tamfilet ɗin ta sa da manyan baƙaƙe cewa hoton shafin kuskure na gwaji ne, a canza shi. Ta yi niyyar canzawa da kanta washegari. Washegarin da ciwon baya ta tashi, mijinta ya samo mota aka kai ta Mungadi goyon ciki. Kafin ta hau ta aika wa Ya'ƙub filashin da aikin ke ciki. Duk wanda ya taɓa aiki da mutane ya san babu mai karanta bayani, ita kuma a lokacin ba ta gama sanin mutane ba.

Ta haihu lafiya, namiji. Da yake haihuwar fari ce, ta daɗe a gida ana wankan jego ana ɗura mata kunun kanwa. Wayarta ta koma abin haska fitila. Mahaifinta bai leƙa Jega ba a duk watannin nan, don ba shi da abin kaiwa. Kullum yana fadama yana neman mayar da abin da ya rasa, idan ya dawo ya ɗauki jikansa ya ɗora a cinya, yana kallonsa.

Ranar da ta koma aiki, Keke ta shiga da goyonta, tare da wasu 'yan mata biyu masu kayan makaranta. Wani mutum a bakin hanya ya tambayi direban ko akwai wuri. Direban ya saki kan Keken, ya buɗe tafukansa, ya saki baki, ya karkata kai ya ce, "Wallahi babu, ɗana." 'Yan matan suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ita ma Raihanatu ta yi dariya, don yadda ya yi abin da ban dariya. Ta tambaye su wane wasa ne wannan. Suka yi mamakin akwai wanda bai san Baba Wallahi-Babu ba a garin nan. Ɗaya ta zaro waya ta nuna mata sitika, irin hoton barkwancin da ake turawa a waya.

An yanke rudun, an yanke albasar, an bar mutumin kawai. A ƙarƙashinsa an rubuta kalmomin da direban ya faɗa. Mahaifin Raihanatu ne. Yarinyar ta ci gaba da turawa da yatsa tana nuna mata wasu: a wani an sa masa tabarau, a wani an ɗora masa ɗankwali, a wani an sa bakin yana buɗewa yana rufewa. Dariyar da ta yi ɗazu ce ta fi komai yi mata ciwo.

A ofis aka tarbe ta da murna. An ƙara tebur biyu, an sayi sabon janareta. Imrana ya ce tamfilet ɗinta ya buɗe musu ƙofa, yanzu da safe ake karɓar aiki a miƙa shi kafin mako ya zagayo. Ta bar shi ya gama, sannan ta ajiye wayarta a gabansa da shafin kuskure a buɗe.

Ya'ƙub ne ya rubuta kalmomin, kuma bai musa ba, har da ɗan alfahari. Ya ce ya ga tsohon ya dace da wurin, sai ya ba shi baki. Yadda abin ya bazu kuwa ba wuya. Imrana yana da ɗabi'ar miƙa aiki da maɓallan da ba sa kai mutum ko'ina, ya ce za a ƙarasa daga baya. Ranar da wata makaranta ta ce iyaye su duba sakamakon 'ya'yansu a shafinta, ba a riga an ɗora sakamakon ba. Duk uban da ya danna, duk ɗalibin da ya danna, tsohon ne ya buɗe masa hannu. Daga nan ɗaliban jami'ar Aliero suka mayar da shi sitika, masu shago suka ɗauka, 'yan kabu-kabu suka ɗauka.

"Babana na," in ji ta.

Ya'ƙub ya daina murmushi, ya rantse bai sani ba, kuma da alama gaskiya ya faɗa. Ta juya ga Imrana, wanda ya je ɗaurin aurenta har Mungadi ya durƙusa ya gaida tsohon. Imrana ya sosa ƙeya ya ce shi kam ya so ya gane shi, amma lokacin abin ya riga ya karɓu, masu ba da aiki har tambaya suke ko nasu shafin zai zo da Baba. Ya ce ai ba zagi ba ne, so ne, mutane son tsohon suke.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Ni tunanin da nika yi ma, ki kawo muna shi mu ɗauke shi shina dariya. In mutum ya yi rajista ta yi kyau, sai shi hito shi ce akwai. Kin ga an gama biyu ke nan."

Ta juya masa baya. Ta zauna a teburinta, ta buɗe uwar tamfilet ɗin, ta cire hoton da kalmomin. Kafin ruwan da aka kawo mata ya huce ta gama. Sai dai ita ta gina abin, ta fi kowa sanin cewa gyaran nan bai taɓa ko shafi ɗaya da ke waje ba. Kowane aiki kwafinsa daban, yana zaune a wurin mai shi, da mabuɗinsa a hannun mai shi. Ta ce wa Imrana ya faɗa mata duk waɗanda aka yi wa aiki. Ya lissafo waɗanda ya tuna. Can kuma, kamar abin da ba shi da muhimmanci, ya ƙara da cewa ya buɗe ajin koyar da matasa bayan tafiyarta, kuma duk wanda ya gama yakan zuba masa tamfilet ɗin a filashi ya tafi da shi. Wasunsu suna Birnin Kabi, wasu Yawuri, wani ma ya ji ya tsallaka Nijar.

Abin da ya rage mata guda ne: ta share abin daga Jega da kewayenta kafin mahaifinta ya shigo kasuwa. Albasar bana ta yi kyau, an fara cira, kuma ta san da ƙafarsa zai kawo ta.

Ta fara bin masu shafukan ɗaya bayan ɗaya da goyo a baya. Mai kyamis ya ce ta dawo idan yaronsa mai sanin kalmar sirri ya zo. Wani ya ce shi bai ga abin damuwa ba, amma ta cire in ta ga dama. Madam Stella, shugabar makarantar da abin ya faro daga gare ta, ta saurare ta har ƙarshe, ta dafa ƙirji ta ce Allah ya yafe mana, ita ma ta tura wa ƙanwarta sitikar. Nan take ta kira a buɗe mata kwamfuta. Da Raihanatu ta gama, matar ta raka ta har ƙofa, ta ce mata a hankali, shafi kam an gyara, amma wayoyin yara ba ta da mabuɗinsu. Suna tsaye a wurin wani ɗan aji biyu ya tambayi abokinsa biro, abokin ya buɗe masa hannu ya saki baki.

A Aliero ne ta gamu da abin da ba ta zata ba. Shugaban wata ƙungiyar masu sayen albasa, Alhaji Jibrin, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a rumfarsa, aka kawo fura. Ta fara kewaye-kewaye tana cewa hoton wani dattijo ne da ba a nemi izininsa ba. Ya katse ta da dariya.

"Ɗiyata, bar wahal da kanki. Ummaru na Mungadi na, tun ranar da anka buɗe muna shahin na gane shi."

Ta ce to tunda ya san shi, ya san ba mutumin da za a yi wa haka ba ne. Ya gyara zama. Ya ce shekarun baya, a gaban jama'a, Ummaru ya taɓa zazzage buhun da shi Alhajin ke sayen albasa da shi a ƙasa ya nuna wa duniya cewa ya fi na kowa zurfi, har manoma suka guje shi kaka guda. Ya ce bai riƙe shi ba, shi Musulmi ne. Amma shafi nasa ne, da Baba aka kawo masa shi, kuma da Baba yake son abinsa.

"Mutumin da bai taɓa buɗe ma kowa hannu ba," ya ce, "ga shi kullum shina buɗe mani. In na gaji da aiki sai in danna inda babu komi, in dube shi."

Ta roƙe shi. Ta durƙusa har goyonta ya farka ya fara kuka. Alhaji Jibrin ya yi wa yaron wasa, ya sa masa albarka, ya ce ta sha furarta kada ta yi tsami.

A daren nan ta kira wayar innarta ta ce a ba Baba. Ta shirya za ta faɗa masa komai. Da ta ji muryarsa, a natse kamar kullum, yana tambayar lafiyar abokinsa ƙarami, wato jikansa, da maigidanta, sai ta fasa. Ta koma cewa hanya ta lalace, rana ta yi zafi, ya bari dillali ya zo har gida ya ɗauka, ko ya aiki wani. Ya saurare ta, sannan ya ce mutumin da ya yi ɓarna irin ta bara dole ya fito a gan shi a tsaye.

"In ban tahi ba, cewa za a yi albasa ta kashe ni. Ina son in shiga kasuwag ga da kaina, a ga huskata."

Ranar kasuwa ta riga shi isa. Ta tsaya a gefen layin 'yan albasa, inda buhuna ke jere da jar raga a bakinsu, manyan motoci suna jiran lodi zuwa kudu. Ba ta san abin da za ta iya hanawa ba, ta dai kasa zama a ofis. Da hantsi ya sauko daga motar ɗaukar kaya cikin farar rigarsa ta zuwa Juma'a, hula a zaune daram. Ya ga 'yarsa ya yi mamaki, ta ce ta zo ne yaron ya gaida kakansa.

Wani ɗan dako ne ya fara ganewa. Ya tsaya da buhu a ka, ya ƙura ido, ya taɓa na kusa da shi. Magana ta bi layin kamar an kunna wa kara wuta. Kafin a gama sauke kayan, matasa sun taru, wayoyi sun fito. Wani ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙi su ɗauki hoto tare. Malam Ummaru bai san dalili ba, ya ɗauka girmamawa ce, ya ɗauka labarin albasarsa ta bana ne ya riga shi isowa. Ya tsaya aka ɗauka, har da ɗan murmushinsa na rufaffen baki. Raihanatu ta ga jin daɗi a fuskarsa, ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Sai wani daga baya ya ce, "Baba, akwai albasa?" Tsohon ya ce akwai, ga ta nan, Allah ya ba da. Aka ce a'a, ba haka zai ce ba. Wani ya matso gabansa ya buɗe hannu ya saki baki ya karkata kai ya nuna masa yadda ake yi. Aka fashe da dariya. Suka fara haɗa baki suna faɗin kalmomin, suna tafi, suna cewa Baba ya yi musu ko sau ɗaya. Raihanatu ta kutsa tsakiya tana cewa su ji tsoron Allah, sa'an kakansu ne. Ba wanda ya ji ta. Ba mugunta ce a fuskokinsu ba, murna ce, irin ta wanda ya ga ɗan wasan da yake so ido da ido, kuma wannan ya fi muguntar wuyar tsayarwa.

Wani dillali mai furfura ya kore su da sanda, sannan ya ja Malam Ummaru gefe. A ganinsa gara mutum ya san abin da ake yi da shi. Ya karɓi wayar wani yaro ya miƙa masa.

Tsohon ya riƙe wayar nesa da idonsa yadda masu shekaru ke yi. Ya daɗe yana kallo. Ba ya karanta boko, ya ce a karanta masa abin da ke ƙasa, dillalin ya karanta da murya ƙasa-ƙasa. Ya tambaya ko mutum nawa suka gani. Dillalin ya ce ai waya ce. Malam Ummaru ya mayar da ita da hannu biyu, ya yi godiya. Bai tambayi wanda ya yi ba. Mutum biyu ne kawai a gaban rudun nan ranar, shi da mai ɗauka.

"Kin ce masu taimako za a kai ma," ya ce da ita.

Ta fara bayani, kalmomin suna tuntuɓe da juna: gwaji ne, sabis ne ya ɗauke, ta rubuta a canza, ba ita ta sa maganar ba, wani abokin aikinta ne. Ya bar ta ta kai ƙarshe, don bai saba katse mutum ba.

"Shi abokin aikin naki, shi yaɗ ɗauke ni?"

Ta ce a'a.

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa dillalin ya sayar da kayan yadda kasuwa ta kama, ya aiko masa da saƙo. Mutumin da ke kwana biyu yana ciniki a kan buhu ɗaya, ranar ko farashi bai tsaya ji ba. Ya shafa kan jikansa, ya bi ta bayan motoci ya fita, wasu yara suna binsa daga nesa da wayoyi a sama.

Raihanatu ba ta bar aikin ba, ko da yake ta so. Daga teburin nan ne kawai take iya samun mabuɗan shafukan, don haka ta zauna, tana gaida Imrana da safe, tana cire hoton duk inda aka ba ta dama. Ya'ƙub yana taya ta ba tare da sun haɗa ido ba. Idan ta cire a wuri ɗaya, sai ta ji wani yaron da Imrana ya yaye ya buɗe wa wani otal ko wata makaranta sabon shafi a garin da ba ta taɓa zuwa ba. Tamfilet ɗin yana aiki yadda ta gina shi, ba ya tsayawa, ba ya nauyi, yana buɗewa a kowace irin waya.

Sai da damina ta kusa sannan ta iya tattara ƙarfin zuwa Mungadi. Innarta ta tare ta a ƙofar ɗaki ta faɗa mata a gurguje cewa abin ya iso garin tuni. Ya daina zama a dakalin ƙofar gida da yamma. Daga gona sai masallaci, a can ma sahun ƙarshe, ana sallamewa ya fito. An zo kiransa rabon wata gona tsakanin 'yan'uwa, ya ce a nemi wani.

Ya amsa gaisuwarta yadda ya saba, ya tambayi maigidanta, ya tambayi aiki. Da ya zage ta ko ya kore ta da ta samu sauƙi, amma bai yi ba. Ta ce masa ta cire hoton a wurare da yawa, saura kaɗan. Ƙarya ce, kuma ta ga ya san ƙarya ce. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya koma wasa da yaron, wanda ya fara rarrafe yana jan gemunsa.

Da la'asar ta yi shirin komawa. Ta durƙusa a gabansa a tsakar gida don sallama, innarta ta zauna a gefe da yaron a cinya. Ba kowa a gidan sai su, ƙofar zaure ma a rufe take. Ya ce bari a yi musu addu'ar hanya. Raihanatu ta ɗaga tafukanta, innar ta haɗa 'yan hannuwan jikan a cikin nata ta buɗe su sama. Ya fara da salati, muryarsa ba ta rawa, ya roƙa musu tsari da lafiya da rufin asiri duniya da lahira.

Tana cikin cewa amin ta ɗaga ido. Hannuwansa suna cikin riga, ya dunƙule su a kan gwiwoyinsa, bakinsa kuma da ƙyar yake buɗe shi gwargwadon yadda kalma za ta fita. Haka ya kai addu'ar har ƙarshe. Su biyu suka shafa, shi ya ce su tashi kada mota ta wuce su.